Mangwaron Bayan Raga

Rannan ɗaya daga cikinku ya shigo shagon nan, ya ga Doguwa, dogon gilashin kyamarata, a kan kanta, ya sunkuce ta da hannu ɗaya kamar robar ruwa. Bai kai ta ƙirji ba ya mayar, yana cewa wai mene ne amfanin wannan uban nauyi, shi wayarsa tana yin duk abin da take yi, har abin da ke bayan mutum a hoto tana narkarwa. Ban yi masa musu ba, na dai ce ya goge inda ya taɓa. To tunda yau ba wuta, kun kuma cika mini benci kuna jiran cajin da ba zai samu ba, bari in ba ku labarin gilashin kyamarar nan, da ranar da na saki hoton da ya fi kowane kyau a duk aikina, da gangan, ina ji ina gani.

A hannun wani Banufe na koyi aiki, Alhaji Ndako, mutumin Bida, nan Fadikpe ta Minna, lokacin unguwar ba ta cika haka ba. Na daɗe a wurinsa ban taɓa kyamara ba. Shara ce, da wanke tiren maganin wankin hoto, da shanya hotuna a igiya, da riƙe labulen baya kada iska ta kaɗa shi. Idan ba aiki sai ya zaunar da ni a ƙofar shago, ya nuna mini wata mai tallan nono ko wani mai gyaran keke, ya ce in tafa hannu daidai lokacin da mutumin zai juyo. Idan na tafa bayan ya juyo, sai in ji ranƙwashi a ƙeya. Da Hausarsa ta Bida yake cewa, “Idi, ka makara. Shi ya riga ya juya, kai kana ɗauka bayan kai.” Na ji haushin wannan wasa ƙwarai, ina ganin wulaƙanci ne kawai. Sai da na fara zuwa filin ƙwallo na gane cewa duk wanda ya jira ya ga abu sannan ya danna, abin ya riga ya wuce shi.

Doguwa kuwa na saye ta ne wajen shekarar da aka koma mulkin farar hula, a hannun wani mai ɗaukar hoton jarida a Kaduna da ya gaji da yawo. Ta riga ta sha wuya, fentinta ya kankare a gefe, amma gilasanta garau suke. Abin da ya sa take da tsada ba tsawon ba ne, akwai dogaye masu arha cike da kasuwa. Idonta ne mai faɗi. Tana zuƙo na nesa ya zo kusa, ka juya zobe ɗaya ka matso ko ka ja baya ba tare da ka ɗaga ƙafa ba, sannan tana shan haske da yawa. Da yamma, lokacin da masu ƙananan kyamara suka naɗe kayansu don hoto ya fara rawa, ni ina nan ina tsayar da ƙwallo a sama. Amma akwai sharaɗi. Idan ka buɗe idon nan gaba ɗaya, abin da zai fito tas ɗan siriri ne, sauran duk narkewa suke yi, na gaba da na baya. Dole ka zaɓi mutum ɗaya. Nauyinta kuma ya sa na je wurin mai walda ya yanka mini bututun ruwa, ya sa masa kusa a kai, ya zama ƙafa ɗaya da nake ɗora ta. Yara suna ganina a fili suna cewa ga mai bindiga nan ya zo.

Hoton fuska ne ya fara mayar mini da abin da na kashe. Wata malamar makaranta a Maitumbi ta zo mini da ƙorafin cewa duk hotunanta hancinta ya fi fuskarta girma. Na ce mata ba laifin hancinta ba ne, masu hoton ne suke shiga mata fuska da gajeren gilashi. Na tsayar da ita a ƙofar gida, na ja baya har tsallaken kwata, ta ɗauka fushi na yi zan tafi. Da hoton ya fito, fuskar ta zauna daidai, igiyar shanyar da ke bayanta da bokitai duk sun zama launi kawai. Kafin wata ya ƙare duk malaman makarantar nan sun zo, har da mai gadi. Wani abin kuma da na lura da shi, mutum idan ka matso shi da kyamara yana ƙame, ya ɗaure fuska kamar za a yi masa allura. Idan kana nesa kuwa mantawa yake yi da kai.

Wannan nisan ne ya buɗe mini kasuwar Kuta. Ranar kasuwa nakan hau babur in tafi, in tsaya gefen kara inda ake cinikin shanu. Fulani ba sa son a zo musu gab da fuska, amma daga nesa ba ruwansu. A nan na san Malam Buba, wani dattijo dogo siriri mai fataucin shanu, kullum cikin shuɗiyar riga da malfa, da sandarsa a kafaɗa. Yana da wani farin sa da ya rena tun yana maraƙi, za a sayar, yana son hotonsa kafin a sa shi a mota. Ya rungume wuyan san nan, yana shafa masa tozo, yana kiran sunansa, yana yi masa magana da Fulatanci a kunne, ko a jikinsa duk da mutanen da ke wurin. Hoton ya yi kyau, ya kuma ji daɗinsa, tun daga ranar idan ya gan ni sai ya aika a kawo mini kindirmo.

Ƙwallo kuma sha'awa ce ta kai ni, daga baya ta zama abinci. Ana gasar unguwanni a filin wata makaranta a Maitumbi, fili ne rabi ciyawa rabi jar ƙasa, da wani babban mangwaro a bayan ragar gabas. Nakan tsaya a gefen layi wajen tsakiya, in ɗauki 'yan wasa, mako na zagayowa in baje hotuna a tabarma kowa ya nemi nasa. Wanda ya fi kowa saye shi ne golan Maitumbi, Dikko, saurayi dogo mai rigar rawaya, wanda idan ya tashi sama sai ka ce ba zai sauko ba. A hannun kawunsa ya tashi a nan gari tun yana firamare. Sai da muka saba na san ashe ɗan Malam Buba ne, ɗansa na fari.

Ku da kuka tashi a gari wataƙila ba ku san nauyin wannan ba. Bafulatani irin Malam Buba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa, ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. Kunya ce, haka ya tarar, haka ubansa ya yi masa. Dikko ya san haka sarai. Amma ya girma yana ganin iyayen abokansa a bakin fili suna ihu da sunan 'ya'yansu, wani har ya cire hula ya jefa sama. Rannan ya zo karɓar hotuna, ya ga na farin san nan a bango, ya tsaya yana kallo. Ya ce mini ya san al'ada ce, ba sai an gaya masa ba, amma al'ada ba ta hana mutum taka ƙafa ya zo ya ga abin da ɗansa ya iya. Ya nuna hoton da haɓa, ya ce ko wannan ya fi shi samun fuskar tsohon. Ya faɗa yana dariya, amma ni na ji ba daɗi.

Wani wasa ne da aka yi da 'yan Kuta ya fara nuna mini abin. Ina jera hotunan Dikko sai na ga a bayansa, cikin koren mangwaron da ya narke, akwai wani shuɗin tabo. Na ɗauka maganin wanki ne ya ɓata, har na shirya yi wa mai wankin faɗa. Na ɗauko na wasannin baya, sai ga tabon a wuri ɗaya, gefen hagu na raga. Wasa na gaba, ana cikin hutun rabin lokaci, na juya zoben Doguwa na saita gindin mangwaro. Malam Buba ne tsaye, ya jingina da bishiya, ya ja malfa ta rufe masa goshi. Bayan an tashi na zaga na gaishe shi. Ya ce maganin shanu ya zo saye Minna, rana ta dame shi, shi ne ya raɓe a inuwa. Na ce Allah ya ba shanu lafiya. Shanun nan kuwa ba su taɓa rashin lafiya ba sai ranar da Maitumbi ke da wasa.

Na gaya wa Dikko, kada ku ce ban gaya masa ba. Ya ce ai ya sha ganinsa, kuma duk sanda ya waiga, tsohon ƙasa yake kallo ko yana sassaƙar sandarsa da farce, wanda ya zo kallo ba haka yake yi ba. Na so in kama masa shaida. Sau da yawa Dikko na cafke ƙwallo sai in juya da sauri wajen mangwaro, amma kafin in saita, mutumin ya riga ya mayar da fuskarsa yadda take, yana kallon wani wuri daban. Na ɓata fim ba kaɗan ba a kan ƙeyar malfa.

Sai ga shekarar da ban so tunawa ba. Damina ta yi ƙarfi, kwanon shagona ya yoye ta bayan durowa ban sani ba, ni kuma na kwanta zazzaɓi na daɗe ban buɗe jaka ba. Da na tashi na ɗaga Doguwa a haske, sai na ga fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi kamar yanar gizo-gizo. Duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar an shafa masa mai. A shekarar ne kuma ƙananan kyamarori marasa fim suka cika gari, samari suna bin biki suna ɗauka suna nuna wa mutum nan take, ni kuwa sai in ce a dawo mako mai zuwa. Na kai ta Kaduna wurin mai gyara, ta yi watanni a can, ni ina nan ina ɗaukar hoton fasfo da tsohuwar kyamarar da Alhaji Ndako ya sallame ni da ita. Da ta dawo gilashi ya wanku, amma injin da ke saita hoto da kansa ya mutu, mai gyara ya ce ba a samun kayansa. Daga ranar da hannu nake saitawa. Wanda bai taɓa bin ɗan wasa yana gudu da zoben hannu ba, ba zai gane ba. Dabarar da ta rage mini ita ce ta ƙofar shagon Alhaji: in san inda abu zai faru, in saita wurin tun kafin ya faru, in jira.

Shekarar da ta biyo baya Maitumbi suka kai wasan ƙarshe, za su kara da 'yan unguwarmu Fadikpe. A lokacin wani kulob daga kudu ya aiko wa Dikko ya je gwaji, suka ce ya taho da hotunansa yana aiki. Ya same ni a shago ya ce bayan wasan nan da 'yan kwanaki zai tafi. Na tambaye shi yaushe zai je ruga sallama. Ya ce ya aika wa mahaifiyarsa saƙo ta hannun kawu, ya isa. Na ce tsohon fa? Ya ce wanda bai san da zamansa ba, ba zai san da tafiyarsa ba, kuma idan kudu ta karɓe shi ba ya ganin abin da zai dawo yi. Na san yaron, ba mai faɗin magana ya janye ba ne. Da zai fita ya juyo ya ce, “Oga Idi, ko me za ka rasa ranar, kada ka rasa ni a sama. Hoton nan nake so in ajiye musu a tebur.”

Ranar wasan fili ya cika har kan katanga. Aka buga aka buga ba wanda ya ci, aka tafi fenareti, rana ta riga ta sauka bayan azuzuwa. Rafali ya zaɓi ragar mangwaro. Na dasa bututuna a ƙasa, na buɗe idon Doguwa har ƙarshe don hasken da ya rage bai taka kara ya karya ba, na saita layin raga daidai inda Dikko yake tsayawa. Bugun farko-farko duk sun shiga, nasu da namu, na ɗauke shi yana tashi amma ƙwallo tana cikin raga, irin hoton da gola ba zai nuna wa kowa ba. Aka zo bugun ƙarshe, Maitumbi suna gaba da ɗaya. Idan Dikko ya kama wannan, kofi nasu ne, ni kuma ina da hoton da zan ci abinci da shi har in tsufa.

Ina cikin gilashi, ga Dikko tas, yana buga safar hannunsa, sai na lura shuɗin tabon nan ba ya inda ya saba. Ya baro gindin bishiya, ya matso har bakin igiyar da aka tare mutane da ita. Zoben yana hannuna. Na san ba zan samu duka biyun ba, na kuma san idan na jira na ga an kama sannan na juya, ƙeyar malfa zan sake ɗauka. Mai bugu ya fara ja da baya. Na murza zoben. Dikko ya narke a gabana, ubansa ya fito.

Ban ga kamun ba. Har yau labarinsa nake ji, an ce ya tashi ta dama ya doke ta da yatsu ta bugi ƙarfe ta fita. Ni dai na ji ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, na danna. Sannan fili ya rikice da ihu. Kafin in ɗago kai Malam Buba ya koma gindin mangwaro, ya gyara malfa, yana duban sandarsa kamar yau ya fara ganinta.

Da hoton ya fito daga wanki, na daɗe ina kallonsa. Dattijon ya ɗaga sanda sama da hannu biyu, malfa ta zame baya ta rataye a wuya, idanu a buɗe, baki a buɗe, duk haƙoransa a waje, ƙafa ɗaya ta tsallake igiya. Ban ji abin da ya faɗa ba, ba kuma zan yi masa ƙarya ba. A gabansa, ta gefe, wani rawayan abu ne a miƙe a sama, ba hannu ba fuska.

Dikko ya zo da murnarsa, yana neman hoton kamu. Na miƙa masa ambulan. Ya zaro, ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan rawayan kamar an zubar da koko shi ne shi? Ya ce wata nawa yana roƙona abu ɗaya tak, duk garin nan sun ga kamun, mai bindiga kaɗai ne bai gani ba. Na bar shi ya gama, don yana da gaskiya. Can sai ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Na ɗauko ragowar tsofaffin hotunansa na jera a kan kantar nan, na bi su da yatsa ina nuna masa shuɗin tabon ɗaya bayan ɗaya, har da na wani wasa da aka yi cikin ruwan sama, wanda 'yan kallo duk suka gudu azuzuwa. Abin da na ce masa kawai shi ne kada ya nuna wa kowa, mutumin bai san na ɗauka ba, kuma ba zai so ba. Dikko ya mayar da hoton cikin ambulan, ya sa a cikin riga, ya fita ko sallama babu.

Na ji labarin ya tafi kudu, sun kuma ɗauke shi da tsofaffin hotunan da ke hannunsa. Amma ko ya bi ta Kuta, ba wanda ya gaya mini, ni kuma na kasa tambaya. Na daina zuwa kara ranar kasuwa. Tsoro nake ji kada yaron ya nuna wa tsohon, in zama na tona wa dattijo asiri, ko kuma ya zama na jefar da hoton kamu a banza. Ku da kuke ɗaukar ɗari ku zaɓi ɗaya ba ku san irin wannan zaman ba.

Bayan an yi kaka, wata safiya ina goge gilashi sai na ji sallama. Malam Buba ne, da shuɗiyar rigarsa da ƙwaryar kindirmo a hannu. Na ba shi benci, nan inda kuke zaune. Ya tambayi iyali, ya tambayi bindigata ko ta warke, ya ba ni labarin ciyawa da farashin shanu, ya ce an daina ganina a Kuta. Can cikin hira, yana kallon ƙasa, ya ce kwanakin baya wani baƙo ya je musu daga Minna, ya kwana, ya taya su kai shanu rafi, sannan ya wuce kudu. Ya ce baƙon ya ce zai dawo da sallah. Na ce Allah ya dawo da shi lafiya. Ya ce amin.

Da zai tafi ya tsaya yana bin hotunan bango da kallo, amare, malamai, farin sansa. Kusa da ƙofa akwai wani babba na Dikko da na rataye, ya cafke ƙwallo a sama da hannu biyu. Idon dattijon ya tsallake shi, ya je ya dawo, ya sake tsallakewa. Har ya sa ƙafa waje, sai ya ɗaga sanda ya nuna ba tare da ya juyo ba.

“Malam mai hoto, wancan na kusa da ƙofa. Mangwaron da ke ciki ya yi kyau. A wanke mini ɗaya.”

Na kalli hoton. Ba ganye, ba reshe, sai kore a narke kamar an shafa da tsumma. Na ce masa lallai mangwaro ya fito, wane girma yake so.

Ya ce babba.